"Ya Shahara" da "Ya Yi Suna": Yadda Hausawan Yamai Ke Auna Maganar

Assalamu alaikum, Malam. Ka ce kana zama da ƴan kasuwarmu masu zuwa sayayya Kantin Kwari, kuma ka lura in ka ce musu wane ya shahara sai su gyaɗa kai kawai, amma in ka ce wane ya yi suna sai su tare ka da tambaya: a ina, kuma a kan me? Kana son ka ji ko a Yamai kalmomin nan biyu ba abu ɗaya ba ne. A ƙamus kam kusan ɗaya suke. A bakin mutanen da suka baro Adar da Gobir da Maraɗi da Damagaram da Arewa suka kafa gida a bakin kogin Kwara, wanda maƙwabtanmu Zabarmawa ke kira Isa, akwai tazara tsakaninsu, kuma zaman baƙunci ne ya haifar da ita.

Yamai ba garin kakanninmu ba ne. Sai a 1926 Turawan Faransa suka ɗauke babban birnin Nijar daga Damagaram suka maido shi nan, daga nan garin ya riƙa cika da mutane daga kowace kusurwa. A Kano in ka faɗi unguwa ka faɗi gida, ka gama gabatar da mutum, domin akwai tsohon da ya san ƙofar kakansa. Nan babu wannan tsohon. Bahaushen Zango ko Bukoki ko Wadata yana zaune tsakanin Zabarmawa da Fulani da Buzaye, kuma ko a cikin Hausawa ƴan'uwansa, Ba'adare bai san gidan su Badamagare ba. Shi ya sa a nan sai da shaida ake karɓar suna.

Shahara ta jiyau ce. Daga Larabci muka aro ta, tare da ƙanenta mashahuri, kuma aikinta ta nuna cewa labarin mutum ya yi nisa. Shahararren mawaƙi, shahararriyar ƴar wasa, shahararrun malamai: kalmar rediyo ce da jarida, ita za ka ji a labaran Hausa na Muryar Sahel. Wanda ya faɗe ta bai ɗauki nauyin komai ba. Yana iya cewa wane ya shahara alhali bai taɓa ganinsa ba, bai san ko mutumin kirki ne ba. Don haka ne abokan cinikinka ke gyaɗa kai su wuce, ba ka ce musu abin da za a yi gardama a kai ba. Sananne ma haka take, sai dai da'irarta ta fi ƙanƙanta: mutum yana iya zama sananne a unguwarsu bai shahara ba.

Suna kuwa na ganau ne, kuma ba ya tsayawa shi kaɗai. Dole ka ɗora masa abin da aka yi sunan a kai, kuma ƙaramar kalmar da ka haɗa da ita tana juya ma'anar. Ya yi suna a kokowa, ya yi suna a ɗinki: wannan fage ne. Ya yi suna wajen cika alkawari, wajen gyaran inji: wannan gwaninta ce ko hali da aka jarraba. Ya yi suna da kyauta, ya yi suna da rowa: wannan ɗabi'a ce da ta manne wa mutum, kuma a lura, "da" ta fi saurin jawo abin kunya fiye da sauran biyun. In ka ce "ya yi suna da" ka yi shiru, masu sauraro za su zaci aibi ne ke tafe. Akwai kuma wani tarko da baƙi ke faɗawa. In aka ce maka "Alhaji ya yi suna jiya", ba ɗaukaka ya samu cikin dare ɗaya ba, haihuwa aka yi masa, jiya kwana bakwai, aka yanka rago aka raɗa wa jariri suna. Kalmar lokaci ce ke warware su. Sunan da ake nufi da shahara ba a cewa jiya ko shekaranjiya aka yi shi.

Inda maganar ta fi nauyi shi ne kasuwa, domin a Katako da Wadata da Babbar Kasuwa suna jari ne, ana karɓar kaya da shi. Ga yadda yake ginuwa. Saurayi ya zo daga ƙauyen Tawa ko Madawa, ya sauka wurin mai masauƙi ɗan garinsu. Ba a ba shi kaya da sunansa, ba shi da shi tukuna, da sunan mai masauƙin ake ba shi, kaɗan, a yanka masa rana. In ya kawo kuɗi ranar da aka yanka, ko ya zo da ƙafarsa kafin ranar ya faɗi abin da ya hana, sai a ƙara masa. Ana nan ana nan har ranar da mai kaya zai daina tambaya "wa ya aiko ka?" Daga ranar ne dattawa ke cewa yaron ya fara suna. Abin da ke ɓata wannan tsari kusan kullum ɗaya ne: mutum ya ci da sunan wani, wato ya karɓi kaya a inuwar maigidansa ya ɓace. Asarar ba ta tsayawa kan mai masauƙi. Ana kiran mutum a nan da garinsu, wane Ba'adare, wane ɗan Ƙonni, wane Bakurfaye, saboda haka in ya ci amana sai a ce ƴan gari kaza sun fara, na bayansa su tarar da ƙofa a rufe. Wannan ne ya sa za ka ga dattawan gari guda sun haɗa kuɗi sun biya bashin yaron da ba ɗansu ba. Ba tausayinsa ne ya kai su ba, sunan garin suke fansa. To ka ga dalilin da in ka ce wa ɗan kasuwarmu wane ya yi suna zai tambaye ka a ina. Yana son ya san wace kasuwa ce za ta tsaya masa.

Kaya ma suna yin suna, kuma a nan ba a cewa sun shahara sai a takarda. Albasar Galmi ta yi suna har Abijan da Akara, jar akuyar Maraɗi ta yi suna saboda fatarta, shanun Azawak saboda nono, kilishinmu kuwa kun san shi. Amma Galmi yanzu sunan iri ne, ana noma shi a wurare da yawa nesa da garin Galmi, don haka dillalin kirki yakan bambance maka "irin Galmi" da "ta Galmi". Wanda ya haɗe su don ya ƙara kuɗi, shi ake cewa yana sayar da suna.

Ƙaurin suna, a kula da ƙugiyar ƙ ɗin. Ƙauri shi ne warin abin da ya ƙone, tsumma ko gashi ko tuwon da ya kama tukunya. Kauri mai k marar ƙugiya kuwa na jiki ne ko na igiya. Da yake wayoyi da yawa ba su da haruffa masu ƙugiya, yara sun taso suna ganin "kaurin suna" suna zaton suna ne mai kauri, wato babba, har ka ji mai gabatarwa a wurin taro ya ce babban baƙo ya yi ƙaurin suna wajen taimakon marayu. Wannan zagi ne aka yi da niyyar yabo, kuma dattawanmu ba sa barinsa ya wuce. Ƙaurin suna na ɗan fashi ne, na hanyar da ake tare mutane, na unguwar da aka sani da shaye-shaye. Warinsa ke riga shi isa wuri.

Sauran kalmomin, tashe da yayi da fice da zarra, babu inda za ka ji an jera su daidai kamar filin kokowa, wadda ku kuke cewa kokawa. A Nijar ita ce sarauniyar wasanni. Gasar takobi ta ƙasa an fara ta a Tawa a 1975, Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobin farko. Jihohi takwas ke shiga, Agadas da Difa da Doso da Maraɗi da Tawa da Tilaberi da Damagaram da Yamai, kowace da ƴan kokowa goma, tamanin ke nan, kuma gasar tana zagayawa daga wannan babban gari zuwa wancan. Kowace rana ana lissafa waɗanda ba su faɗi ba, adadinsu yana raguwa har a kai ga biyu. Wanda ya kayar a karon ƙarshe shi ne sarki, a naɗa masa rawani a miƙa masa takobi.

Saurari yadda masu kallo ke magana a kwanakin nan. Yaron da ya kayar da manya biyu ko uku a jere, ana cewa yana tashe. Tashe ƙarfi ne da ke kan ganiyarsa yanzu, kuma a cikin kalmar akwai sanin cewa zai kwanta. Ba tashen watan azumi ake nufi ba. In yara suka fara kwaikwayon rawarsa, aka liƙa hotonsa a bayan babura, to ana yayinsa. Yayi ya fi tashe rauni, domin tashe daga jikin mutum yake, yayi kuwa daga sha'awar jama'a, kuma atamfa ma ana yayinta a daina. In ya fita daban a cikin goman jiharsu, ya yi fice, shi ne fitacce, daga "fita" kalmar ta samo asali, kuma dole akwai tsaran da aka fita daga cikinsu. Ba a cewa mutum ya yi fice shi kaɗai a fage. In tazarar ta yi yawa har babu na biyu kusa, ya yi zarra. Isaka Isaka na Doso, wanda takobinsa na shida ya zo a Agadas a ƙarshen 2023, shi ne misalin zarra a wannan zamani, kuma irinsa ake cewa ya gagara.

Suna yana bayan duk waɗannan. Tashe ya wuce, yayi ya wuce, ƙarfi ya ƙare, amma ana ci gaba da auna na baya da kai. Filin kokowar Maraɗi sunan Kantu yake ɗauke da shi, na Doso sunan Salma Ɗan Rani, na Damagaram sunan Langa-Langa. Yaron da aka haifa bayan sun bar fage yana faɗin sunayensu duk lokacin da zai ba da kwatance. Haka Ɗan Gurmu na Tawa, wanda aka sa wa gasar waƙa ta ƙasa sunansa. Haka Sarauniyar Lugu, wadda ta tsaya wa rundunar Faransawa a 1899: ko ba ka ƙara komai ba, in ka ce Sarauniya a Nijar an san wadda kake nufi. Wannan mataki shi ake nufi in an ce sunan wane bai mutu ba.

Kana iya tambaya, ina aka bar "yabon kai jahilci" alhali ɗan kokowa yana tsayawa tsakiyar fage yana wasa kansa? Kirari yana da izini, amma a wurinsa kaɗai. Ɗan kokowa ko maharbi yana yin nasa da bakinsa, ya faɗi garinsu da waɗanda ya kayar, ya ƙalubalanci wanda ya isa. Take kuwa na makaɗi ne, ɗan gajeren kiɗa da aka ware wa mutum ɗaya, da an buga shi an san wa ake kira ko ba a ambace shi ba. Zuga ta maroƙi ce, ya hura mutum har ya yi abin da bai yi niyya ba, ya shiga fage ko ya zuba kyauta. Ɗan kokowar da ya fita fage ya ci gaba da kirari a majalisa, an daina jinsa a matsayin gwarzo, ya koma mai cika baki. Kuma kirarin da aka ambaci wanda ba a kayar ba, akwai cali-cali a gefe, masu ban dariyar fage, da za su kwaikwayi faɗuwarka a gaban jama'a.

Ɗaukaka daban take da duk abin da muka lissafa, domin ba mutum ke yinta ba. Ana yin suna, ana yin fice, amma ɗaukaka samunta ake yi. Allah ya ɗaukaka wane, Allah ya ƙara ɗaukaka. Wanda ya ce "na ɗaukaka" ya yi kuskuren harshe da na ladabi a lokaci guda. In an yabe ka a fuska cewa ka yi suna, amsar da ake jira ita ce ka mayar da abin ga Allah da iyaye da maigidan da ya riƙe ka. Mutunci da girma kuwa ba sa bukatar a san ka da nisa. Limamin ƙaramin masallaci a Talaje yana iya fin wani shahararre mutunci nesa ba kusa ba, kuma in aure ake nema, mutuncin gida ake bincike, ba shahararsa ba. Farin jini shi ne mutane su so ka ba tare da wani dalili da za su iya faɗa ba. Kwarjini shi ne ka shigo a gyara zama. Mun san masu suna da ba su da ko ɗaya daga cikin biyun.

Yanzu ga abin da zai fi amfanarka in ka zo biki. A taron suna ko ɗaurin aure a Yamai za ka iya samun masu yabo iri biyu. Akwai maroƙanmu da ka sani. Akwai kuma jasare na Zabarmawa, wanda aikinsa kiran kakanni: ya ɗauko mutum daga ubansa ya hau da shi tsatso bayan tsatso, wani lokaci da molo, yana cakuɗa tsofaffin kalmomin da ko Bazabarmen yau ba duka yake ganewa ba. Jado Seku da Jeliba Baje su ne manyan da aka sani a wannan fanni. Zama da su ya sa kunnen mutanen Yamai ya saba da yabon da ke tafe da asali. Maroƙin da ya ce "mai kuɗi, mai mota, mai gidan sama" ya tsaya nan, bai yi aiki ba. Gwani yakan zo da wuri, ya sami wata tsohuwa ko ƙanin maigida ya tambayi sunan uba da na kaka da garin da aka fito da sana'ar gidan, sannan in taro ya cika ya fara daga garin, ya gangaro kan kaka, ya zo kan uba, ya sauke a kan mutumin. In ya kuskure ya ba ka uban wani, ko ya kai Bagobiri Katsina, ba a ba shi komai, kuma an yi ta maganar ke nan. In maroƙi ya nufo ka kai baƙo, faɗa masa sunan mahaifinka da unguwarku a Kano tun kafin ya ƙaga maka nasa.

Sai lissafin kyauta, inda mutanenku ke rikicewa. Da dala muke ƙirga sefa, kuɗin Nijar, dala ɗaya tamma biyar, wato sefa biyar. Takardar 500 dala ɗari ce. Takardar 1000 dala ɗari biyu ce, ita ce jikka guda, ba jakarku ta naira 200 ba. Takardar 5000 jikka biyar, ta 10000 jikka goma. In ka ji sanƙira ya ɗaga murya ya ce wane ya ba da ɗari, 500 ya bayar. Sanƙira yakan ƙara gishiri a shela, kowa ya san haka, ba a ƙaryata shi a fili. Amma wanda ya raɗa masa cewa ya faɗi jikka goma alhali biyu ya miƙa, shi ne ake cewa mai neman suna, kuma maroƙa ba sa riƙe irin wannan sirri. "Don neman suna" a bakinmu zargi ne mai zafi, yana soke ladan aikin gaba ɗaya. Ana faɗinsa ga mai raba zakka sai an kunna kyamara, da mai gina masallaci kusa da wani masallacin don a kira shi da sunansa.

Katin gayyata da sanarwar rediyo su ma ma'auni ne. A nan ba a rubuta sunan ango da amarya kaɗai. Ana jera iyalai, babban gidan wane a Yamai da Tawa da Abijan, gidan wane a Maraɗi da Kano, wani lokaci har shafi ya cika. Jerin yana nuna nisan da sunan gida ya kai da kuma waɗanda suka yarda a haɗa sunansu da naka. Ana farawa da gidan kaka, sannan baffanni bisa shekaru, sannan dangin uwa, sannan surukai da abokan arziki. Sa attajiri a gaban yayan ubansa don ya fi shi shahara kuskure ne da ke hana mutane zuwa biki, kuma sa sunan babban mutum ba da saninsa ba shi ma cin suna ne.

Wani abu da zai iya tayar maka da hankali: za ka ji Bazabarme ya dubi dattijo Bagobiri a tsakiyar kasuwa ya ce Gobirawa sun yi suna da kaza da kaza, abin da in a Kano ne sai an kai ga mai unguwa. Kada ka shiga. Taubasantaka ce, tsakanin Gobirawa da Zabarmawa, tsakanin Arawa da Fulani, da sauransu, kuma UNESCO ta sa wannan al'ada ta Nijar cikin gadon ɗan Adam a 2014. Abin da taubashi ya faɗa ba ɓata suna ba ne. Amma izinin nasa ne shi kaɗai. Kai da ba ka cikin wasan, in ka maimaita maganar, ta zama zagi.

Matasanmu ƴan lakwal, wato ƴan makarantar boko, sun kawo tasu kalmar daga Faransancin titi, "buz". A fada, wato majalisar shayin samari, za ka ji an ce wance ta yi buz a TikTok. Su da kansu ba sa haɗa ta da suna. Buz ƙura ce ta kwana biyu, ko yayi ba ta kai ba, kuma sau da yawa abin kunya ne ke tayar da ita. Abin da ke damunmu shi ne masu fassara ta da "shahara" a rediyo, domin yaro yana jin an kira mai zagi a waya shahararre, an kira malamin da ya shekara arba'in yana karantarwa shahararre, sai ya ɗauka awo ɗaya ne. Muna da kalmomin da suka ishe mu raba su: wannan ana yayinsa, wancan ya yi ƙaurin suna, malam kuwa ya yi suna a karatu.

In ka zo, kunnenka zai ɗan sha wuya kwana biyu, musamman wurin Adarawa da Gobirawa da Arawa. Fice zai zame maka hice, fitacce hitacce, farin jini hwarin jini, "yana tashe" kuma "shina tashe". In kana son ka binciki mutum kafin ka ba shi kaya, kada ka tambaya ko sananne ne, kowa zai ce maka e. Nemi dattijon garinsu a kasuwar da yake zama, ka gaisa, ka ce: "Baba, wane, da mi anka san shi?" In ya ce maka "yaronmu na", ya ɗora nasa sunan a kai, kana iya ba da kaya. In ya ce "to, muna dai ganin shi", riƙe kayanka har sai ka ga kuɗi.